Nauyin kunamar bindigar farauta: nawa kuke barin taku?

Sabon_Maharbi ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Don Allah tambaya gare ni ga waɗanda suka daɗe a harkar nan. Ina da bindigar farauta mai sakata, mai cin harsashin .308 ce, kuma gaskiya ba ni da wani ƙorafi a kanta sai abu ɗaya, kunamarta tauri gare ta sosai. In na kwanta na ɗora ta a kan buhun yashi ina auna takarda a mita 100, sai in ta matsa kunamar ina jira ta tashi, kafin ta tashi har na ga ɗan gicciyen cikin madubin hangen ya fara zamewa dama, kuma harsasan ma duk can suke taruwa dama da ƙasa kaɗan. Bayan taurin kuma akwai wani ɗan ja da take yi, kamar ta motsa ta tsaya ta sake motsawa sannan ta tashi, ban san ko haka suke duka ba.

Wani abokina da muke zuwa gwajin harbi tare yace in sassauta ta ta dawo rabin kilo kawai, wai shi haka tasa take kuma da ya taɓa ta tashi. Na riƙe tasa na gwada ba harsashi, wallahi daɗi kam akwai, amma sai naji tsoro ya kama ni don ban ma san lokacin da na taɓa ta ba.

To tambayoyina, ku nawa kuke barin nauyin kunamar bindigar da kuke shiga daji da ita? Kuma halas ne mutum ya juya sukurun da kansa ko dole sai an kai wa mai gyara? Naga akwai sukuru fiye da ɗaya a jikin gidan kunamar, ban taɓa ko ɗaya ba tukuna. Na gode, Allah ya saka da alheri.

Tsohon_Mafarauci ya rubuta:

Wa alaikumus salam yaro na. Da farko madalla da baka taɓa komai ba kafin ka tambaya, wannan shine hankali.

Ni duk bindigar da zan ɗauka in yi tafiya da ita a ƙafa, kunamarta tana tsakanin kilo 1.3 da 1.6, wato laba 3 zuwa 3 da rabi a lissafin Amurkawa, tunda laba ɗaya giram 454 ce. Ba na sauka ƙasa da haka kuma ba na son ta haura kilo 1.8. Rabin kilon da abokinka ya faɗa maka, a kan tebur a filin gwaji ba laifi, kana zaune numfashinka a kwance hannunka da ɗumi ba abin da ya dame ka. Amma ranar farauta ba haka kake ba. Ka yi tafiya mai nisa ka hau tudu kana haki, ko ka yi zaman jira da asuba sanyi ya kashe maka yatsu ko ma kana sanye da safar hannu, sai ga dabbar ta fito zuciyarka tana dukan uku-uku. A wannan lokacin yatsanka ba ya jin rabin kilo, sam ba ya ji. Kana kai shi kan kunamar don ka fara neman saiti sai kaji ta tashi, gicciyen bai ma zauna inda kake so ba. In an yi sa'a an kuskure gaba ɗaya, in ba a yi sa'a ba an sami dabba a ciki ko a cinya ta gudu da rauni ta je ta mutu a wahale inda ba za ka same ta ba, kuma wannan shine abin da ya fi ƙona min rai a duk harkar farauta.

Amma kuma kar kace ina goyon bayan kunama mai tauri. Abin da kake gani na zamewar gicciye gaskiya ne ba tunaninka bane. Ka duba, bindigar farauta da madubinta nauyinta bai wuce kilo 3 da rabi zuwa 4 ba, in kunamarta sai ka sa ƙarfin kilo 2 da rabi ko 3 kafin ta tashi, kaga ƙarfin da yatsa ɗaya yake sawa ya kusa kai nauyin bindigar gaba ɗayanta, ta yaya ba za ta motsa ba? Kuma motsin ba sai ya yi yawa ba. In bakin bindiga ya kauce da rabin milimita kawai a tsawon bututu na santimita 60, a mita 100 ya zama kusan santimita 8, a mita 200 ka ninka. Rabin milimita fa, abin da ido ma ba ya kamawa.

Sai dai abin da ya fi jan hankalina a bayaninka ba taurin bane, wannan jan cikin da kace tana yi ne, ta motsa ta tsaya ta sake motsawa. Shine babban maƙiyinka. Kunama mai kyau ita ce wadda kana matsawa ba ta motsi ko kaɗan, nauyi yana taruwa a yatsanka, sai kawai ƙas, kamar karyewar busasshen kara, ta tashi. Wallahi kunama mai kilo 1.8 da take karyewa tsaf haka ta fi min mai kilo 1 da take jan ciki sau dubu, don ta farkon kullum na san inda za ta tashi, ta biyun kuwa yau nan gobe can. Mutane da yawa da suke kukan tauri in ka auna musu sai kaga nauyin ba wani yawa ne da shi ba, ƙaiƙayin jan cikin ne yake sa su ji kamar dutse suke ja.

Maganar sukuru kuwa zan bar wa Malam Mai_Gyara in ya shigo, shi ya fi ni sanin cikinta.

Dogon_Zango ya rubuta:

Baba ina girmama maganarka amma a nan ba zan bi ka duka ba gaskiya. Ni tawa giram 800 take kuma da ita nake farauta, ban taɓa jin ta tashi ba da izinina ba. Abin ya danganta da irin farautar da mutum yake yi. Wanda yake kwanciya a fili mai faɗi ya kafa ƙafafun bindiga ya auna nisa a natse sannan ya harba a mita 300, ba daidai yake da wanda yake kutsawa cikin sarƙaƙiya dabba ta tashi a gabansa a mita 30 ba. Na farkon kowane giram ɗari da ka rage masa yana gani a takarda.

Kuma ni a ganina maganar aminci ba a nauyin kunama take ba, a yatsa take. In yatsanka yana waje da zoben kunamar har sai gicciye ya zauna a kan abin da ka yi niyyar harbi, to ko giram 800 ce ba za ta tashi ba, in kuwa kana yawo da yatsa a ciki ko kilo 3 ce ka yi tuntuɓe sai ka matse ta, don hannun mutum in ya razana damƙewa yake yi da ƙarfin da ya ninka haka nesa ba kusa ba.

Ɗan'uwa mai tambaya, abin da zan ba ka shawara ka duba shine kunama mai hawa biyu. Ita wannan da farko za ka ja ta taho da sauƙi har ta zo ta tsaya a wani waje kamar ta ci karo da abu, nan ne hawa na biyu, daga nan ɗan ƙari kaɗan za ka yi ta tashi. Misali jimillar nauyin kilo 1.4 ne amma ka riga ka ɗauke giram 700 a hawan farko, saura 700 kawai. Kaga ka samu amincin da Baba yake magana a kai kuma ka samu sauƙin da abokinka yake so, in kuma ka fasa harbin sai ka saki ta koma inda take. Ba sabon abu bane, bindigogin soja na da irin su Mauser 98 da M1 Garand duk masu hawa biyu ne, an yi su ne don sojan da ke cikin sanyi da gajiya da tsoro.

Amma rabin kilo kam ko ni ban yarda ba. Ka duba masu gasar biathlon, waɗanda suke gudun kan ƙanƙara su tsaya su yi harbi suna haki, dokarsu ta ce kunama kar ta gaza giram 500, kuma waɗannan mutane ne da harbi shine sana'arsu kullum suna kan atisaye, abin da suke harbi kuma ƙarfe ne da ba ya motsi. A gasar bindigar soja ta Amurka mafi ƙaranci laba 4 da rabi ne, sama da kilo 2 kenan, kuma da ita suke samun tsakiya a yadi 600. Masu kunamar oza 2 kuwa, wajen giram 57, ƴan gasar kan benci ne waɗanda bindigar tana zaune a kan mazauninta ba sa ma ɗaga ta, wannan wata duniya ce daban ba ruwanta da daji.

Mai_Gyara ya rubuta:

Salamu alaikum. Baba na gode da ka ambace ni. Malam mai tambaya bari in yi maka bayanin abin da ke cikin gidan nan don ka san me kake shirin taɓawa, ka yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

In ka ja sakata ka mayar ka rufe, allurar da ke dukan gindin harsashi tana ɗane a baya da sifirin mai ƙarfi yana tura ta gaba. Abin da ya hana ta tafiya wani ɗan haƙorin ƙarfe ne, shi kuma haƙorin yana zaune ne a kan leɓen saman kunama. Wurin da suka ciji juna ɗan mitsitsi ne, bai kai rabin milimita ba a yawancin kunamu na zamani. Wannan ɗan cizon shine kaɗai tsakaninka da tashin bindiga in makullin kariya a buɗe yake. Ka riƙe wannan a ranka.

To irin gidan kunamar da kake gani da sukuru uku, kowanne aikinsa daban. Ɗaya yana matse ɗan sifirin da ke mayar da kunama gaba, shine na nauyi. Ɗaya yana tsayar da kunama bayan ta tashi don kar ta zarce baya da yawa. Na ukun shine yake ƙayyade yawan cizon da na faɗa maka, kuma shine wanda nake roƙonka da girman Allah kar ka taɓa. Matsalar ita ce jan cikin da kake kuka da shi daga wajen cizon yake fitowa, shi yasa mutane suke zuwa kai tsaye su rage shi, suji kunama ta yi daɗi, ba su san sun bar haƙorin a rataye a bakin gaɓa ba, rufe sakata da ƙarfi ko faɗuwar bindiga ya isa ya zame. Na nauyin ma yana da iyaka, don sifirin ɗin nan ba nauyi kawai yake bayarwa ba, shine yake mayar da kunama ƙarƙashin haƙorin duk lokacin da ka ɗana. In ka sassauta shi fiye da ƙima sai ya kasa mayar da ita gaba ɗaya, musamman in datti ko busasshen mai ya taru, sai cizon ya zama rabi ba ka sani ba. Na zarcewar kuma in ka matse shi da yawa bindigar ƙin tashi za ta yi ranar da ɗan ƙura ya shiga.

Ba tatsuniya nake ba ka ba, tarihin Remington 700 ya ishi kowa misali. Bindigar ta fito a 1962 da kunamar da injiniyansu Mike Walker ya zana tun shekarun 1940, kunama mai daɗi ƙwarai da maharba suka so, amma tana da wani ɗan ƙarfe daban a tsakanin kunama da haƙori wanda sifirin ne kawai yake riƙe shi a wurinsa. An yi shekaru ana kai kamfanin kotu kan cewa bindigar tana tashi in an buɗe makullin kariya ba tare da an taɓa kunama ba, su kuma kamfanin suna cewa datti ne da rashin kula da kuma masu juya sukuru ba su iya ba. A 1982 suka canza tsarin ta yadda mutum zai iya buɗe sakata ya cire harsashi makullin yana rufe. Daga baya suka kawo sabuwar kunama X-Mark Pro, ita ma a Afrilun 2014 suka yi kiran a dawo da waɗanda aka ƙera daga Mayun 2006 zuwa Afrilun 2014, saboda gam ɗin da aka sa wajen haɗawa ya yi yawa a wasu har yana iya sa su tashi. Gam kawai fa. Duk ɓangaren da ka ɗauka a rigimar, darasin ɗaya ne, wurin nan ba ya son wasa ko kaɗan. Irin waɗannan shari'o'in ne ma suka sa kamfanoni da yawa suka yi shekaru suna fito da bindigogi da kunama mai laba 5, 6 har 7, don su kare kansu, ina zaton taka irin wannan ce.

Yanzu abin ya yi sauƙi. Tun da kamfanin Savage suka fito da kunamar AccuTrigger a farkon shekarun 2000, mai ɗan harshe a tsakiyar kunama wanda yake tare haƙorin in ya zame ba tare da yatsa ya danne shi ba, sauran ma suka bi. Ta farautarsu ana juya ta daga laba 2 da rabi zuwa 6. Tikka T3 daga kilo 1 zuwa 2 da sukuru ɗaya tal. Browning X-Bolt da Ruger American da sabuwar Winchester Model 70 duk laba 3 zuwa 5 ne. Ka lura da lambobin nan, kusan duk sun zagaye wurin da Baba ya faɗa maka, ba haɗuwar banza bace.

Saboda haka amsar tambayarka ta biyu tana cikin ɗan littafin da ya zo da bindigarka. In kamfanin ya rubuta cewa mai ita zai iya juya sukurun nauyi daga kaza zuwa kaza, to ka juya shi kaɗai, kwatan zagaye ɗaya a kowane juyi kana aunawa, kuma kar ka sauka ƙasa da abin da suka rubuta ko da sukurun yana ci gaba da juyawa. In kuwa ka ga an shafe kawunan sukurun da gam ko fenti, ko littafin bai ce komai ba, saƙon a fili yake, a kai wa mai gyaran da ya san aikin. Jan cikin kuma aikin mai gyara ne ko ta yaya, kuma kar ka yarda kowa ya sa magagari a haƙorin nan, wasu saman ƙarfen ne kawai aka ƙarfafa, in aka kankare shi na ƙasan mai laushi ne zai ci gaba da cinyewa a hankali, yau lafiya bayan wata shida ta fara tashi da kanta. In ta ƙi gyaruwa gara a cire gidan gaba ɗaya a sa na kamfanin Timney ko TriggerTech in suna yin na irin bindigarka.

Duk wanda ya yi aikin, kai ko wani, sai an yi gwajin nan. Ka cire magazin, wato gidan harsasai, ka leƙa ciki ka sa yatsa ka tabbatar ba harsashi, bakinta kuma yana kallon inda ba kowa. Ka ɗana ka rufe sakata da ƙarfi sau da yawa, da ƙarfi sosai ba lallaɓawa ba, ka ga ko allurar za ta faɗi. Ka ɗana ka buga gindin ƙotar a ƙasa a kan abu mai ɗan laushi, makulli a buɗe. Sannan ka ɗana ka rufe makulli ka ja kunama da ƙarfi ka saki, ka cire yatsa, ka buɗe makullin. In ta tashi ko sau ɗaya a cikin waɗannan, bindigar nan ba ta fita ko'ina sai an gyara.

Sabon_Maharbi ya rubuta:

Kai Allah ya saka muku da alheri, na ƙaru sosai wallahi. Malam Mai_Gyara na duba littafin, ya ce sukurun gaba na nauyi ne kuma ana iya juya shi daga laba 3 zuwa 5, sauran biyun kuma da jan fenti a kansu yace kar a taɓa. Matsalar ba ni da ma'aunin kunama, ya zan san inda take yanzu da inda na kai ta?

Mai_Gyara ya rubuta:

Ma'aunin ya fi, akwai na sifirin akwai na lantarki irin na Lyman, in za ka samu aro ka ara. In babu, ruwa ma yana yi tunda lita ɗaya kilo ɗaya ce. Bindiga ba harsashi, ka tabbatar sau biyu, ka ɗana ta ka tsayar da ita bakinta sama a gefen tebur wani ya riƙe maka. Ka lanƙwasa waya mai ƙarfi ka rataya a kan kunamar daidai inda yatsanka yake zama, ta sauko ba ta gogar ƙota, ka ɗaura gora a ƙasa ka riƙa zuba ruwa a hankali har ta tashi, sai ka ɗora gorar da wayar a sikeli. Ka maimaita kamar sau biyar ka ɗauki tsakiya. Wajen da ka rataya wayar yana da muhimmanci, in ta zame can ƙasan kunamar zai nuna maka sauƙin da ba gaskiya ba, in ta hau sama kuma ya nuna tauri.

Kuma ka kula da bambancin da ke tsakanin awon. In yau ta tashi a 2.1 an jima 2.6 an jima 2.3, to ba sukuru take buƙata ba tukuna, wanki take buƙata. Sau da yawa tsohon man da aka feshe ta da shi ne ya daskare ya zama kamar danƙo. Ka cire ƙarfen daga ƙota ka tsiyaya mata man laita daga sama ya wanke ya fita ta ƙasa, a waje mai iska nesa da wuta, ka bari ta bushe, kar ka bi ta da mai. Wani lokacin jan cikin ma a nan yake raguwa.

Tsohon_Mafarauci ya rubuta:

Dogon_Zango ɗana, maganarka ta yatsa gaskiya ce ba musu, kuma mai hawa biyu ni ma ina sonta. Inda muka rabu shine kai kana ba shi shawara da hannunka ne, hannun da ya saba, shi kuwa yanzu yake farawa. Giram 800 a hannunka daban a hannunsa daban. Kuma kunama ba yatsa kaɗai yake taɓa ta ba, reshe yana shiga zoben nan, igiyar jaka tana shiga, bakin riga yana shiga, makulli kuma yana iya gogar jiki ya buɗe ba ka sani ba. Shi yasa ni ba na ma sa harsashi a bakin wuta sai na ga abin da zan harba ya kusa.

Tunda ana maganar sauƙi bari in taɓo wata da ba a ambata ba, kunamar da ake ɗanawa daban, wadda Jamusawa da ƴan Ostiriya suka daɗe suna so. Wasu kunamu biyu ne, ka ja ta baya ta ɗana ta gaba, wasu kuma ɗaya ce ka tura ta gaba ta ɗanu, irin ta bindigogin CZ 550 da 527. In ba ka ɗana ba nauyinta na kullum ne, in ka ɗana sai ta dawo ƴan giram ɗari kaɗan ko ƙasa. A tunani abu ne mai kyau, kana da biyu a bindiga ɗaya. Amma ni ban cika sonta ga sabon hannu ba, saboda ka ɗana dabba ta juya ta shige, yanzu kana riƙe da bindiga da harsashi a ciki da kunamar da ɗan taɓi ya ishe ta, dole ka san yadda ake kwance ta lafiya kuma kowace ƙira da nata tsarin, a lokacin da jikinka yake rawa. Sannan yatsanka yana koyon nauyi biyu maimakon ɗaya.

Wanda kuma zai fuskanci dabba mai haɗari irin ɓauna, inda harbi na biyu da na uku a tsaye ake yinsu cikin sauri ana jan sakata da ƙarfi, wannan kar ya sauka ƙasa da kilo 1.6, har 1.8 ma ba laifi.

Ummu_Harbi ta rubuta:

Sannunku da ƙoƙari. Ƙari kaɗan zan yi, ɗan'uwa ko ka gyara kunamar in baka gyara jan ba harsasan nan za su ci gaba da tafiya dama. Ka duba inda kake sa yatsa, in ka zura shi har gaɓa yana jan bindigar gefe, tsokar gaban yatsa ake sawa a ja ta miƙe zuwa baya, kuma sauran yatsan kar ya kwanta a jikin ƙota. Ka riƙa atisaye ba harsashi a gida, ka ɗora kwabo a kan bututun kusa da baki wani ya sa maka, ka ja har ta tashi kwabon bai faɗi ba. Irin taka .308 mai sakata yawanci ba ya mata illa, in kana shakka ka sa harsashin roba na atisaye, amma ƙaramar .22 kar a yi mata haka ba shi don allurar tana iya dukan bakin ƙarfe.

Kuma in kana da bindiga fiye da ɗaya ka yi ƙoƙari duk su zama nauyi kusan ɗaya. Ni wannan ya fi taimaka min fiye da neman wata lamba ta musamman, yatsa ba ya son a riƙa canza masa.

Sabon_Maharbi ya rubuta:

Na dawo da rahoto. Na yi awon gora kafin in taɓa komai, tana tashi tsakanin kilo 2.2 da 2.5. Bayan wankin man laita ta tsaya a 2.2 kusan kullum kuma jan cikin ya ragu sosai ko da yake da saura kaɗan. Sai na juya sukurun gaba a hankali ina aunawa har ta zo 1.5, na tsaya a nan tunda yana cikin abin da littafin ya yarda. Gwaje-gwajen nan uku duk na yi su da ƙarfi ba ta tashi ba ko sau ɗaya alhamdulillah. Sauran jan cikin zan kai wa mai gyara ya gani. Hajiya Ummu_Harbi maganar yatsa ma kin yi gaskiya, na lura har gaɓa nake zura shi. Akwai wani abu da ya rage kafin in fita da ita?

Mai_Gyara ya rubuta:

Madalla, 1.5 wuri ne mai kyau. Abu uku suka rage. Ka ɗiga ɗan jan farce a kan sukurun da ka juya don kar girgizar harbi ta motsa shi, kuma in ya motsa za ka gani, amma ɗigo ɗaya a kansa kawai kar ya gangara ciki. Na biyu, gwajin nan ka sake yinsa bayan ka mayar da ƙarfen cikin ƙota ka ɗaure, don wani lokacin katako ko zoben yana taɓa kunama ko hannun makulli sai abin ya canza. Manyan sukurun da suka riƙe ƙarfe da ƙota kuma ka ɗaure su da ƙarfin da littafin ya faɗa, kar ka musanya dogon da gajeren don dogon yana iya tokare sakata.

Na uku, tunda ka raba ta da ƙota saitinka zai iya motsawa, ga kuma kunama ta canza ga yatsa ya canza wurin zama, to ka koma filin gwaji ka sake saita madubin a mita 100 kafin ka auna wani abu mai rai. Kar ka tsaya a kan buhun yashi kawai, ka harba a zaune da durƙushe da kuma kan sanda, in kana sa safar hannu a farauta ka sa ta a gwajin ma. In ka ji ta tana tashi kafin ka shirya da safar, ka ƙara mata giram 200 ka sake gwadawa.